Daga Awo Zuwa Ƙidaya: Yadda Lambar Zarra Ta Zama Ginshiƙin Jadawalin Sinadarai

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin gwaje-gwajen kimiyya a makarantar sakandare, da wuya ya fita bai ga wani faffaɗan allo a jikin bango ba, wanda aka tsaga gida-gida kamar hatimi. Wannan shi ne jadawalin sinadarai. Kowane gida yana ɗauke da harafi ɗaya ko biyu na boko, da kuma lambobi iri biyu. Ta farko cikakkiya ce, tana tafiya 1, 2, 3 har ta kai 118. Ta biyu kuwa yawanci da ɓurɓushi take zuwa, kamar 35.5 ko 63.5. Ta farkon ita ake kira lambar zarra, ta biyun kuma nauyin zarra. Ɗalibi kan ɗauka cewa tun fil azal lambar ce take jan ragama, amma ba haka abin yake ba. Shekara 44 jadawalin ya yi yana bin nauyi, daga 1869 zuwa 1913, lambar kuwa ba a ɗauke ta a bakin komai ba illa lambar kujera. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana yadda aka yi wannan lambar kujera ta zama ita ce ainihin abin da ke bambanta sinadari da ɗan'uwansa.

Kafin mu yi nisa ya kyautu mu daidaita kalmomi. Idan muka ce sinadari a nan, muna nufin abin da ba a iya warware shi zuwa wasu abubuwa ta hanyar ƙonawa ko narkarwa ko haɗe-haɗe, kamar ƙarfe da zinariya da azurfa da dalma da kuza da zaiba da farar wuta. Gishiri ba ya cikinsu, domin gamin sinadarai biyu ne, sodiyam da kulorin. Zarra kuwa ita ce mafi ƙanƙantar ƙwayar sinadari wadda take riƙe da halinsa.

Zamanin ma'auni

A farkon ƙarni na 19 wani malamin makaranta a Mancesta ta ƙasar Ingila, John Dalton, ya kawo ra'ayin cewa zarrar kowane sinadari tana da nauyinta na kanta. Ba wanda zai iya ɗora zarra guda a kan sikeli, amma ana iya gwada nauyin wata da na wata ta hanyar lura da yadda suke haɗuwa. Idan aka ɗauki zarrar haidurojin, wadda ta fi kowace sauƙi, a matsayin 1, to ta oksijin za ta kama 16, ta ƙarfe wajen 56, ta zinariya 197, ta dalma 207. Wannan shi ne kaɗai abin da masana suke da shi a hannu mai kama da adadi, saboda haka a kansa suka dogara.

Tun 1829 wani Bajamushe, Johann Döbereiner, ya lura cewa akwai sinadarai masu hali iri ɗaya da ke zuwa uku-uku, kuma nauyin na tsakiya yana faɗawa tsakanin na sauran biyun. Alal misali lisiyam yana da 7, fotasiyam 39. A tara su a raba biyu sai a sami 23, wanda shi ne nauyin sodiyam. A 1865 John Newlands na Landan ya jera sinadarai bisa nauyi, ya ba kowanne lamba bi da bi, ya ce halayensu suna maimaita kansu a kan kowane na takwas. Da ya gabatar da wannan a gaban ƙungiyar masana a 1866, sai wani ya tambaye shi cikin ba'a ko ya gwada jera su bisa haruffan sunayensu. Abin lura a nan shi ne, Newlands ya riga ya riƙe zaren lambar a hannunsa, sai dai shi kansa bai san abin da take ƙidayawa ba.

Wanda ya gina jadawalin da ya tsaya da ƙafarsa shi ne Dmitri Mendeleev na Rasha, a 1869, da sinadarai 63 da aka sani a lokacin. Ya jera su daga marar nauyi zuwa mai nauyi, yana karya layin duk inda hali ya dawo, ta yadda dangi za su faɗa layi guda. Inda ya ga jerin bai yi daidai ba sai ya bar gida fanko, ya ce akwai mai shi, ba a dai gano shi ba tukuna. Bai tsaya nan ba, har siffanta waɗansunsu ya yi. An gano galiyam a 1875, da sikandiyam a 1879, da jamaniyam a 1886, kowanne kuma ya zo kusan yadda ya faɗa. Game da jamaniyam ya yi hasashen nauyi 72. Abin da aka sani yau shi ne 72.6. Daga nan bakin masu shakka ya mutu.

Gidajen da suka ƙi jeruwa

To amma akwai ƙura a ƙarƙashin tabarmar. Nauyin teluriyam 127.6 ne, na aidin kuwa 126.9. Idan nauyi ne alƙali, aidin ne ya kamata ya riga shiga. Amma duk mai ido ya san aidin ɗan gidan su kulorin ne da buromin, teluriyam kuma ɗan gidan farar wuta ne. Mendeleev ya bi hali ya bar nauyi, ya sa teluriyam gaba, ya kuma dage cewa masu awo ne suka yi kuskure, nauyin teluriyam bai kamata ya wuce 125 ba. Wani masani na birnin Firag, Bohuslav Brauner, ya ɓata shekaru yana tace teluriyam yana sake awo, amma nauyin ya ƙi sauka ƙasa da na aidin. Watau Mendeleev ya yi daidai wajen ba da gida, amma dalilin da ya bayar bai inganta ba.

Haka zalika kobal mai 58.9 yana gaban nikel mai 58.7. Da aka gano iskar agon a 1894 sai tsugune ba ta ƙare ba, domin nauyinta 39.9 ya ɗara na fotasiyam mai 39.1. Agon iska ce da ba ta haɗuwa da komai, fotasiyam kuwa ƙarfe ne mai taushi da yakan kama da wuta in an jefa shi cikin ruwa. Babu yadda za a musanya musu gida ba tare da an rushe jadawalin ba.

Wata matsalar da ta fi waɗannan nauyi ita ce, awo ba ya gaya wa mutum ko ya tsallake wani. Tsakanin kobal da nikel tazarar ba ta kai rabin ɗaya ba, amma tsakanin haidurojin mai 1 da hiliyam mai 4 akwai tazarar uku. Sinadari nawa ne za su iya ɓuya a wannan fili? Ba wanda ya iya cewa. Mendeleev da kansa, a ƙarshen rayuwarsa, ya yi zaton akwai waɗansu da suka fi haidurojin sauƙi. Sa'an nan ga wani rukuni na ƙarafa masu wuyar rabewa, waɗanda suka fara daga lantanam, masu kama da juna kamar an tsaga kara. Masana sun sha shelar gano sabo a cikinsu, daga baya a tarar gamin tsofaffi biyu ne. Ba a ma san ko su nawa ba ne. Mendeleev ya rasu a 1907 ba a warware ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Cibiyar zarra

Maganin bai fito daga ɗakin masu haɗa sinadarai ba, daga wajen masu nazarin lantarki da haske ya zo. A 1897 J. J. Thomson ya nuna cewa a cikin kowace zarra akwai waɗansu 'yan ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki, su ne ilaktaron. Da yake zarra gaba ɗayanta ba ta nuna caji, tilas akwai wani caji kishiya da ke soke nasu. A 1909, a jami'ar Mancesta, Hans Geiger da Ernest Marsden suka riƙa harba ƙwayoyin alfa, waɗanda ke fita daga sinadarai irin su radiyam, a kan siririn fallen ƙarfe. Kusan dukkansu suka wuce abinsu, amma jefi-jefi sai ɗaya ta yi tsalle ta dawo baya. A 1911 maigidansu Ernest Rutherford ya fassara wannan da cewa kusan duk nauyin zarra da cajin nan kishiya sun taru ne a wata 'yar mitsitsiyar cibiya, ilaktaron kuma suna kewaye da ita daga nesa.

Tambayar da ta biyo baya ita ce, nawa ne cajin cibiyar? Rutherford ya ƙiyasta na zinariya wajen 100, watau kimanin rabin nauyinta. Wannan ƙa'ida ta rabi tana aiki ga ƙananan sinadarai: kabon 12 ne, rabinsa 6, oksijin 16, rabinsa 8. Amma tana karkacewa in an yi sama. Wanda ya fara faɗin gaskiyar magana ba ma ma'aikacin wata jami'a ba ne. Wani lauya ne ɗan ƙasar Holan, Antonius van den Broek, wanda ke nazarin kimiyya don sha'awa. A 1913 ya rubuta cewa cajin cibiya daidai yake da matsayin sinadari a jerin jadawali: na farko yana da 1, na biyu 2, haka har ƙarshe. A ganina littattafan makaranta ba su yi wa wannan mutum adalci ba, domin da wuya a ji sun ambace shi. Sai dai kuma abin da ya kawo zato ne, ba shi da awon da zai kafa hujja da shi.

Aikin Moseley

Wanda ya kawo hujjar shi ne Henry Moseley, saurayi ɗan shekara 26, wanda aka haifa a 1887, ya yi karatu a Oksfod, ya koma Mancesta wajen Rutherford a 1910. Makaminsa shi ne hasken eksire, wannan da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. An riga an san cewa idan aka jefi wani ƙarfe da ilaktaron masu gudu, yakan fitar da eksire irin nasa na kansa. A 1912 kuma aka gano cewa idan eksire ya faɗa kan kiristal, watau dutse ko gishirin da zarrarsa ke jere sahu-sahu, yakan karkata ta kusurwar da za a iya lissafa yawan kaɗawarsa da ita. Haske dai tafiya yake kamar igiyar ruwa, kuma yawan kaɗawa shi ne sau nawa igiyar ke hawa da sauka cikin daƙiƙa guda.

Moseley ya sami bututun gilashi da aka zuƙe iskar cikinsa, ya sa wata 'yar amalanke a ciki, ya jera gutsattsarin ƙarafa a kanta. Da zaren siliki yake jawo ta daga waje, kowane ƙarfe ya zo saitin ilaktaron bi da bi ba tare da an buɗe bututun ba. Hasken da ya fito sai ya bugi kiristal ya faɗa kan farantin hoto, ya bar layi. Ya fara da sinadaran da ke tsakanin kalsiyam, na 20, da tutiya, ta 30, ya buga sakamakon a Disamba 1913.

Da ya jera hotunan sai ga layukan suna matsawa kamar matakalar bene. Ga yadda lissafin yake, kuma ba shi da wuya. A ɗauki lambar kujerar sinadari, a cire 1, a ninka abin da ya rage da kansa. Kalsiyam: 19 sau 19, 361. Ƙarfe, na 26: 25 sau 25, 625. Kobal, na 27: 676. Nikel, na 28: 729. Jan ƙarfe, na 29: 784. Yawan kaɗawar hasken kowannensu yana bin waɗannan adadi sau da ƙafa. In aka juya lissafin, aka fara daga hasken da aka auna, sai a dawo kan 19, 25, 26, 27, 28, cikakkun lambobi masu hawa ɗaya-ɗaya. Nauyi bai taɓa ba da irin wannan tsari ba. Kobal kuwa, duk da ya fi nikel nauyi, a gabansa ya faɗo, daidai inda Mendeleev ya ajiye shi.

Akwai wani abu a wannan hoto da ya cancanci a tsaya a kansa. Moseley bai sami sikandiyam ba, saboda tsadarsa da ƙarancinsa, don haka daga kalsiyam sai ya tsallaka zuwa titaniyam, na 22. A hoton sai matakalar ta yi tsalle biyu a wannan wuri, daga 361 zuwa 441, gurbin 400 yana nan a buɗe. Ma'ana, ko da ba a taɓa jin labarin sikandiyam ba, hoton da kansa zai ce akwai mutum guda da bai zo ba, guda ɗaya tak, ba biyu ba. Abin da awo ya kasa yi ke nan tun zamanin Dalton.

Dalilin wannan tsari, kamar yadda aka fahimce shi sosai daga baya, shi ne ilaktaron ɗin da aka harbo yakan fizge ɗaya daga cikin biyun da suka fi kusa da cibiya, sai wani daga waje ya faɗo ya cike gurbin, ya saki ƙarfin da ya rage a matsayin eksire. Gwargwadon ƙarfin jan cibiya, gwargwadon kaɗawar hasken, kamar dai tsirkiyar molo da muryarta ke ƙara tashi in an ƙara ɗaure ta. Ɗayan da ake cirewa a lissafi kuwa saboda ilaktaron gudan da ya rage kusa da cibiya ne, wanda ke tare wani kashi na janta.

Moseley ya koma Oksfod ya ci gaba, a Afrilu 1914 ya buga kashi na biyu wanda ya kama daga alminiyam, na 13, zuwa zinariya, wadda ta tabbata ta 79 ce, ba 100 ba. Cikin wannan shekara Georges Urbain na Faransa, wanda ya daɗe yana fama da rarrabe ƙarafan nan masu kama da juna, ya kawo masa samfurorinsa, har da wani da yake ganin sabon sinadari ne mai lamba 72. Cikin 'yan kwanaki Moseley ya faɗa masa abin da ke cikin kowace kwalba, kuma babu alamar layin 72 a ciki.

Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke sai Moseley ya shiga soja a rundunar injiniyoyi, ya zama hafsan sadarwa. An harbe shi a Galifoli ta ƙasar Turkiyya ranar 10 ga Agusta 1915, yana da shekara 27. Duk aikin da ake tuna shi da shi bai cika shekara guda yana yin sa ba. Akwai sinadari mai sunan Mendeleev, na 101, da mai sunan Rutherford, na 104, amma babu mai sunan Moseley.

Me ya sa nauyi ya yi ruɗi?

Saura tambaya guda: in lamba ce gaskiya, me ya sa nauyi ya yi kusan daidai, kuma me ya sa ya kuskure a wurare kaɗan? A 1913 Frederick Soddy ya nuna cewa sinadari guda yana iya samun zarra masu nauyi daban-daban, duk kuwa da halinsu ɗaya ne. Ya kira su aisotof, daga kalmomin Girkanci masu ma'anar wuri ɗaya, watau 'yan ɗaki guda a jadawali. Dalmar da ake samu cikin ma'adinin yuraniyam tana kusa da 206, ta cikin ma'adinin toriyam tana kusa da 208, amma dukkansu dalma ce. Kulorin da ake rubuta wa 35.5 babu zarrarsa ko ɗaya mai wannan nauyi. Gami ne na masu 35 da masu 37, kashi uku bisa ɗaya.

Bayanin ya cika a 1932 da James Chadwick ya gano nutiron. Cibiya dai ƙwayoyi iri biyu ne a cikinta: furoton mai caji, da nutiron marar caji, nauyinsu kusan ɗaya. Lambar zarra ita ce yawan furoton. Nauyi kuwa furoton ne a tara da nutiron. Da yake yawanci suna ƙaruwa tare, jerin nauyi yakan bi jerin lamba, kamar yadda in aka jera 'ya'yan gida bisa girman jiki galibi za a dace da jerin haihuwa. Amma wani lokaci ƙane yakan fi wansa jiki, wannan kuwa ba ya mai da shi wa. Teluriyam furoton 52 gare shi, aidin 53, sai dai mafi yawan zarrar teluriyam sun tara nutiron har sun kai 128 ko 130, alhali aidin na duniya duk 127 ne. Labarin agon ya fi ban sha'awa. Kusan duk agon da ke cikin iskar da muke shaƙa mai nauyin 40 ne, kuma ya taru ne sannu a hankali daga ruɓewar wani nau'in fotasiyam da ke cikin duwatsu. A cikin rana, mafi yawan agon mai 36 ne. Da a can aka yi awon, da ba a taɓa samun saɓani tsakaninsa da fotasiyam ba.

Maimaituwar hali ma a nan ta sami dalili. Yawan ilaktaron daidai yake da yawan furoton, kuma suna zama ne hawa-hawa kewaye da cibiya, na hawan waje su ne ke hulɗa da sauran zarra. Sinadarai masu lamba 2, 10, 18, 36, 54 da 86 hawansu na waje a cike yake, shi ya sa ba su cika haɗuwa da kowa ba. A ƙara 1 a kan kowace, a sami 3, 11, 19, 37, 55, 87, dangin sodiyam ke nan, masu ilaktaron guda a waje da suke neman inda za su yar. Daga nan kuma za a gane abin da ya hana masu alkimiyya na dā mai da dalma zinariya. Dalma 82 ce, zinariya 79. Sai an cire furoton uku daga cibiya, wutar maƙera kuwa iyakarta ilaktaron na waje.

Da aka kammala ƙidaya daga haidurojin zuwa yuraniyam, na 92, sai aka tarar gidaje bakwai ne ba kowa: 43, 61, 72, 75, 85, 87 da 91. Yanzu mai nema ya san abin da yake nema, ya kuma san inda layinsa zai fito a hoto. Na 91 ya tabbata a 1918 ta hannun Otto Hahn da Lise Meitner. Na 72, wanda Urbain ya yi ta nema cikin ƙarafansa, Niels Bohr ya ce ba can yake ba, a dangin zirkoniyam za a same shi. A 1923 Dirk Coster da George de Hevesy suka same shi cikin ma'adinin zirkoniyam a Kofanhegan, da hanyar Moseley, suka sa masa suna hafniyam. Na 75 ya bayyana a Jamus a 1925. Sauran huɗun ba su da zarra mai dogon kwana, shi ya sa suka yi wuya: na 43 a 1937, na 87 a 1939, na 85 a 1940, na 61 a 1945. Waɗanda suka haura 92 kuwa ƙera su ake yi ta hanyar cusa wa cibiya ƙarin furoton, kuma ba a amincewa da sabon sinadari sai an tabbatar da lambarsa. Huɗun ƙarshe, har da na 118, an raɗa musu suna a 2016.

Tun a rubutunsa na farko Moseley ya lura da wani amfani na daban. Ya yi aiki da tagulla a madadin tutiya, sai hoton ya nuna layin jan ƙarfe da na tutiya kowanne a wurinsa. Gutsuren kobal ɗinsa kuma ya tona asirin ƙarfe da nikel da suka gauraya da shi. Ya ce wannan zai iya zama hanyar gane abin da ke cikin kowane gami. Haka kuwa aka yi. Akwai na'urar hannu da ake ɗora wa dutse ko ƙasa ko sarƙar zinariya, ta haska eksire, ta karanta layukan da suka dawo, ta faɗi sinadaran da ke ciki da yawansu. A 2010, lokacin da gubar dalma daga ma'adinin zinariya ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara, da irin wannan na'ura masu aikin ceto suka bi gida-gida suna auna ƙasar tsakar gida, suna neman layin lamba 82, don a san wadda za a kankare a kwashe.